Haƙar kirifto da wutar da ba ta ishe mu ba

A cikin kwanakin nan na watan Oktoban 2024 da akasarin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu, na zauna a wani shagon cajin waya da ke Samaru ina jiran tawa ta ɗan samu abin da zai kai ni gida. Janareta na ta ruri a bayan shago, an jera wayoyi birjik a kan katako kowace da lambarta a manne, matasa kuma sun cika bencin waje suna hirar da suka saba tun bayan da kuɗin kirifto na Notcoin ta fashe a watan Mayun shekarar: wace mainin ce ta biya, wace ce kuma ake sa ran fashewarta. Wani daga cikinsu ya juyo ya ce da ni, "Malam, wai da gaske ne mainin na cinye wutar duniya? Mu da ko ƙyallinta ba mu gani?" Aka yi dariya, amma tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin a cikinta akwai ruɗanin da ya kamata a warware kafin a shiga maganar muhalli.

Abin da matasanmu suke kira mainin, wato danna fuskar waya ko leƙa manhaja sau ɗaya a rana, rabon kyauta ne da masu sabon kuɗi ke yi domin tara jama'a, kuma wutar da yake ci ba ta wuce ta cajin waya ba. Haƙa ta ainihi, irin wadda ta riƙe Bitcoin tun da aka fara shi a watan Janairun 2009, wata aba ce dabam. Miliyoyin injina ne a sassan duniya suke gasar cankar wata lamba, kowane na jefa hasashe ba ƙaƙƙautawa, kuma a kusan kowane minti goma sai guda ya dace, a ba shi ladan da tun watan Afrilun 2024 ya koma Bitcoin 3.125. Wutar da sauran suka sha a wannan zagaye ta tafi ke nan, sai a sake sabon lale. Masu tsarin ba su ɗauki wannan a matsayin ɓarna ba, domin tsadar wutar ita ce katangar da ke hana wani ya murɗe littafin hada-hadar, tun da duk mai son yin maguɗi sai ya ƙona fiye da abin da sauran suka ƙona gaba ɗaya.

Inji ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tashe, Antminer S19, yana jan kimanin wat 3,250, daidai da fankoki sama da arba'in suna juyi lokaci guda, kuma ba ya hutawa dare da rana. A yini guda yakan sha yunit 78, wanda a farashin 'yan rukunin Band A na sama da naira 200 a kan kowane yunit a shekarar 2024 ya haura naira dubu 16. Idan aka haɗa injinan duniya baki ɗaya, rahoton da cibiyar nazarin sababbin hanyoyin kuɗi ta Jami'ar Kambirij ta fitar a 2025 ya ƙiyasta cewa Bitcoin na shan terawat-awa 138 a shekara. Wato kamar a ce ana jan megawat dubu 15 da ɗoriya ba tsayawa, alhali layin wutar Najeriya, mai ɗauke da mutum sama da miliyan 200, da ƙyar yake wuce megawat dubu 5 a ranar da aka yi sa'a. Mai walda a Sabon Gari da mai niƙa a Tudun Wada ba sa buƙatar a yi musu sharhin wannan lissafi.

Amsar da masu harkar suka fi bayarwa ita ce injina na ƙara inganci, kuma gaskiya ne, domin injin yau yana yin aikin da na shekaru takwas baya yake yi da kaso kaɗan na wutar. Sai dai wannan bai taɓa rage jimillar wutar da ake sha ba, kuma dalilin yana cikin ginin tsarin. Bayan kowane zagaye 2,016, kimanin mako biyu ke nan, manhajar Bitcoin takan duba ƙarfin injinan da ke fili ta ƙara wa gasar wuya ko ta sassauta, domin minti goman nan ya tsaya yadda yake. Idan injina suka yi sauƙin ci, sai masu jari su sayo ƙari, wuya ta ƙaru, a koma 'yar gidan jiya. Abin da ke yanke yawan wutar shi ne darajar ladan da kuma farashin lantarki: muddin Bitcoin na da tsada, za a ci gaba da ƙona wuta har sai ribar ta kusa ƙarewa. Duk wanda ya ce a jira fasaha ta magance matsalar da kanta, ko dai bai fahimci wannan ba, ko kuma yana da injin sayarwa.

Hanyar da ta tabbata tana rage wutar sosai ita ce a sauya tsarin gasar ɗungurungum, kuma an riga an gwada. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum, wadda ita ce ta biyu a girma a cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina haƙa da injina ta koma tsarin ajiye jingina, inda mai son tantance hada-hada yake kulle kuɗin Ethereum 32, idan ya yi ha'inci a zaftare masa. Wutar da take sha ta ragu da sama da kashi 99 cikin ɗari a dare ɗaya, kuma ba ta rushe ba. Masu suka suna cewa wannan tsari yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, tun da mai kuɗi da yawa shi ke da babbar murya, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kodayake ban ga talakan da ya mallaki rumbun injina a tsohon tsarin ba. Matsalar ita ce Bitcoin ba shi da shugaban da za a zauna da shi, kuma waɗanda suka zuba biliyoyin daloli a injina ba za su amince da sauyin da zai mayar da jarinsu kayan gwangwan ba. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta yi gangamin neman wannan sauyi a 2022, ba a ko motsa ba. Saboda haka a ganina ɓata lokaci ne mu jira Bitcoin ya canza hali. Abin da ke hannun gwamnatoci shi ne su fayyace irin wutar da aka yarda a haƙa da ita.

A nan ne tarihin wasu ƙasashe ya ishe mu ishara. Da Sin ta haramta haƙar a 2021, injinan ba su mutu ba, ƙaura suka yi, wasu zuwa Amurka, wasu zuwa Kazakistan mai dogaro da kwal, inda ba a jima ba aka fara ƙarancin wuta har hukuma ta katse wa masu haƙar layi a farkon 2022. Iran ma ta dakatar da harkar na wasu watanni a 2021 saboda yawan ɗaukewar wuta a birane. A jihar Texas kuwa, kamfanin haƙar Bitcoin mai suna Riot ya samu rangwame da lada na sama da dala miliyan 31 a watan Agustan 2023 saboda kawai ya kashe injinansa lokacin tsananin zafi, abin da wasu ke yabawa da cewa yana daidaita layin wuta, wasu kuma suke ganin biyan mutum ne don ya daina tare hanya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Ba na cikin masu cewa a haramta komai. Rahoton Kambirij ɗin nan ya nuna cewa sama da rabin wutar da masu haƙar suka bayar da bayani a kai tana fitowa ne daga ruwa da iska da rana da nukiliya, kuma akwai wuraren da injinan suka yi amfani. A gandun dajin Birunga na Kwango ana haƙa da rarar wutar ruwa domin samun kuɗin gudanar da dajin, kamfanin Gridless kuma yana sayen rarar ƙananan tashoshin ƙauyuka a Kenya da Malawi da Zambiya, abin da ke taimaka wa tashoshin su tsaya da ƙafafunsu. Amma kalmar da ta riƙe wannan hujja ita ce rara. Wutar ruwa mai tsabta ce, sai dai idan aka ba injina ita aka bar asibiti da mai sana'a a kan dizal, hayaƙin yana nan, wurin fitarsa kawai aka sauya. Habasha ta buɗe wa masu haƙa ƙofa da wutar babbar madatsarta ta kogin Nilu, tana samun dala, alhali kusan rabin al'ummarta ba su da lantarki a gida.

Najeriya tana da rara iri ɗaya tak da ba a gardama a kanta, ita ce iskar gas da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta shekara da shekaru, har muna cikin ƙasashe goma da suka fi yin haka a duniya. Juya wannan iska zuwa lantarki a bakin rijiya ya fi barin ta tana ci a sararin sama, kuma a Amurka an yi shekaru ana haƙa da irinta. Ko a nan ma sai da sharaɗi: garuruwan da suka daɗe suna shaƙar baƙin hayaƙin su fara samun wuta, injina su ci saura. Iskar da ake jiran bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya kawo mana kuwa ba rara ba ce, tun kafin ta iso masana'antun Kakuri da Sharaɗa da masu ƙananan sana'o'in Zariya sun riga sun yi mata layi.

Dokar zuba jari ta 2025 ta amince da kadarorin kirifto ta sanya su ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, dokar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Tun ran gini ran zane. Ya kamata hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, da jihohi su rubuta ƙarara cewa ba a haƙar kirifto ta kasuwanci da wutar layin ƙasa, kuma duk mai neman izini ya bayyana tushen wutarsa da adadin da yake sha, don kada a fake da guzuma a harbi karsana, a yi rajistar rumbun injina da sunan cibiyar adana bayanai. Hukumar kwastan ma tana da nata aikin, domin waɗannan injina ba su iya komai ba sai cankar lamba, kuma da zarar sababbi sun fito, tsofaffin sukan bi jirgin ruwa zuwa ƙasashen da doka ke da sako-sako. Mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa a garin nan: a bayan layin 'yan gwangwan, inda yara ke cinna wa wayoyin lantarki wuta don su ciro jan ƙarfe, hayaƙin kuma ya bi iska ya shiga gidajen unguwa.