Lemur na da masu kuka, bishiyar hintsy fa?

A kudu maso gabashin Madagaska, kusa da garin Tolagnaro, akwai ragowar daji da ke tsiro a kan yashin gaɓar teku. Halittu biyu na wannan dajin nake so mu duba.

Akwai lemur mai gashin wuya, wanda masana ke kira Eulemur collaris. Mai shayarwa ne, yana cikin babban rukunin da birai suke, sai dai reshensa daban ne. Duk duniya ba a samunsa a daji sai a wannan kusurwar tsibirin. Jan kundin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya sa shi cikin masu fuskantar ɓacewa, kuma a 2020 kundin ya nuna cewa cikin nau'in lemur 107, guda 103 suna cikin haɗari.

Sai bishiyar hintsy, wato Intsia bijuga. Dangin wake da gyaɗa ce, in aka matso kusa ma 'yar ɗakin su tsamiya da taura. Katakonta gara ba ta cinsa da sauƙi, abin da ya jawo mata gatari ke nan. Amma da yake tana tsiro tun daga Madagaska har tsibiran tekun Fasifik, matsayinta a kundin bai kai na lemur muni ba.

A nan nake ganin ana yaudarar kai. Kundin yana auna nau'i ne a faɗin duniya, ba ya auna dajin ƙauye guda. Ko an sare hintsy ta ƙarshe a gaɓar Madagaska, lissafi zai ce ai da saura a Indonesiya da Fiji. To lemur ɗin jirgi zai hau ya bi ta can?

Masu ba da tallafi kuwa, Allah na tuba, fuska suke bi. Dabba mai manyan idanu tana tara kuɗi a hoto, kututture ba ya tarawa. Alhali mafi yawan dajin gaɓar nan ya riga ya tafi, ga masu gawayi, ga noma, ga haƙar ma'adinai. Wanda ya ce zai ceci lemur, ya fara zama da mai gawayin nan, a samo masa wata hanyar cefane kafin a hana shi sara.