Ƙugun ɗan shekara 61 a kan Boxer

Autana ne ya jawo min. Shi ya nuna min a waya wai a Amurka akwai wata ƙungiya, Iron Butt, wato masu mazaunin ƙarfe, sai ka yi mil 1000 a kan babur cikin awa 24, ka kawo rasit na gidajen mai, sannan su ba ka takardar shaida. Na duba hotunansu, furfura ce zalla. Na ce da me suka fi ni? Ga ɗaurin aure a Potiskum. Hajiya ta ce in hau mota, na ce tun tana wasan 'yar tsana nake murza Vespa.

Bayan asuba na ɗaure babbar riga a ƙugu, na kifa hular kwano, na bar Kano. Wudil lafiya lau, har da ɗaga wa masu kifi hannu a bakin gada. Daga Shuwarin mazaunai suka fara magana. Kafin Jama'are sun daina, ashe wannan shirun ne abin tsoro.

Na tsaya gaban mai shayi, benci cike da mutane. Na yi sallama da muryar wanda ya saba. Na ce wa ƙafar dama ta sauka, ta ce ba ta san zancen ba. Na sake gwadawa, ta ɗago kamar taƙi ɗaya, ta maƙale a jakar da na ɗaure a baya. Ta hagu kuma, wadda duk nauyinmu ke kanta, ta fara rawa. Wallahi da faɗuwar farat ɗaya ce da na gode. A hankali muka tafi, ni da babur, kamar raƙumi zai durƙusa, ina ta "a'a, a'a, a'a", har na samu lokacin haɗa ido da kowa a bencin. Muka kwanta. Salansa ta manne min a ƙwauri, yatsana kuma ya danne hon, ya ƙi saki.

Amma wanda ban yafe wa ba shi ne mai shan raken nan. Mutum yana tsugune taku biyu da ni, bai ko motsa ba. Ya tofar da ɓawo, ya ce, "Baba, ina yaron da ya ɗauko ka?" Na ce ni na tuƙo kaina. Ya ce, "Daga ina?" Na ce Kano. Ya juya ga jama'a, "Kun ji, daga Kano. Yana da 'ya'ya kuwa?" Duk wannan ina ƙarƙashin babur! Kuma a ganina ya girme ni, haƙoransa ba su kai biyar ba, ban ma san da me yake tatsar raken ba. Da 'yan acaɓa suka ɗaga ni, shi ne ya ce a rubuta lambar gida a saƙala min a wuya. 

Mai shayi dai ya shafa min man zafi, ya ƙi karɓar kuɗi. Aka jefa babur a bayan motar albasa zuwa Azare, ni a gaba, zaune a gefe ɗaya. An shafa fatiha ina can.

Babur yana Azare har yanzu. Hajiya ba ta ce komai ba, matashi kawai take ƙara min a kujera.