Mishan na ƙetare da abokin da ke kusa da mu

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, maganar ce ta daɗe tana cina a rai.

Duk ranar da aka ware domin aikin mishan, majami'a takan cika da murna. A nuna hotunan ƙasashe masu nisa, a kira sunayen al'ummomin da ba su taɓa jin bishara ba, a raira waƙa, a karɓi baiko na musamman, kowa ya koma gida zuciyarsa fari ƙal. Ba na raina wannan ko kaɗan, ina ma fatan a ƙara. Amma da yawa cikin mu masu ba da baikon nan muna da aboki na shekara da shekaru, wanda ya san sunayen 'ya'yanmu, ya san damuwar gidanmu, amma bai taɓa ji daga bakinmu abin da Yesu ya yi mana ba. Wasu kuwa sun faɗa, sai dai sun faɗa ta yadda abokin ya gane cewa ba shi ake so ba, so ake a ƙirga shi cikin rahoto. A ganina matsalolin nan biyu tushensu ɗaya, kuma tushen yana cikin irin zaman da muke yi da juna a ikkilisiya.

Mu tuna yadda abin ya faro. A Ayyukan Manzanni sura 11, bayan an kashe Istifanas, tsanani ya warwatsa masu bi har Finikiya da Kubrus da Antakiya. Yawancinsu Yahudawa 'yan'uwansu kaɗai suke yi wa magana. Sai wasu mutane daga Kubrus da Kurane suka fara gaya wa Helenawa labarin Ubangiji Yesu. Luka, marubucin littafin, bai rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Babu kwamitin da ya aike su, babu asusun da ya biya musu kuɗin hanya. 'Yan gudun hijira ne da suka sami sababbin maƙwabta, suka buɗe baki. Daga wannan hirar ce ikkilisiyar Antakiya ta tsiro, a can aka fara kiran almajirai Kirista, kuma ita ce a sura 13 ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, ta sallame su. Ikkilisiyar da ta fara tura mutane ƙetaren teku, ita kanta 'ya'yan maganar maƙwabci da maƙwabci ce. A Bisharar Yohanna ma haka abin yake tun sura ta farko: Andarawas ya nemo ɗan'uwansa Siman, Filibus ya nemo Nata'ala. Da Nata'ala ya yi shakkar ko wani abin kirki zai fito daga Nazarat, Filibus bai tsaya jayayya ba, cewa ya yi ya zo ya gani.

To, idan ka ce wa abokinka ya zo ya gani, me zai tarar? Nan ne maganar take yi mini nauyi. Idan ya shigo ya ga dattawa biyu da ba sa gaisawa, ya ga zumuntar mata ta rabu gida biyu, ya ga mai kuɗi ana tashi a ba shi kujera, gwauruwa kuwa ta yi wata guda kwance ba wanda ya leƙa ta, to wa'azin da ya ji daga bagade ba zai shafe wanda ya gani da idonsa ba. Ubangiji da kansa ya ce ta wurin ƙaunar da muke wa juna ne kowa zai san mu almajiransa ne. Bai ce ta girman gini ko yawan tarurruka ba.

Labarin da na fi so a kan wannan shi ne na wani ƙaramin ƙauye a Jamus mai suna Herrnhut. A shekarar 1722 wasu masu bi da suka gudo daga yankin Morabiya saboda tsanani suka sami mafaka a filin wani basarake, Zinzendorf. Wasu masu gudun hijira daga ɗariku daban-daban suka biyo su, kafin a ankara rigimar koyarwa ta kusa tarwatsa su. Zinzendorf ya riƙa bi gida gida yana zama da mutane, suna karatun Littafi Mai Tsarki, suna addu'a, har suka amince da wata yarjejeniyar zaman 'yan'uwantaka. Ranar 13 ga Agusta 1727, wajen cin jibin Ubangiji, suka ga ikon Allah a tsakaninsu ta yadda waɗanda ba sa ga maciji suka rungumi juna da hawaye. Ba a daɗe ba suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu domin addu'a ba yankewa, aka kuma ci gaba da ita fiye da shekara 100. Duk mutanen ƙauyen a lokacin ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba.

Ku lura da jerin abubuwan. Sulhu ya fara zuwa, addu'a ta biyo, sannan tafiya. A 1731 Zinzendorf ya haɗu da wani baƙar fata mai suna Anthony a Kofenhagen, wanda ya ba da labarin 'yan'uwansa da ke cikin bauta a tsibirin Sent Tomas na yankin Karibiyan. A 1732 mutum biyu suka tashi zuwa can: Leonhard Dober, maginin tukwane, da David Nitschmann, kafinta. Shekara mai bi wasu suka nufi Girinlan. Masu sana'ar hannu ne, ba manyan malaman tauhidi ba. Abin da suka ɗauka suka kai wa bayi a gonakin rake shi ne abin da suka riga suka koya a gida: yadda ake zama da mutumin da ba irinka ba, a kira shi ɗan'uwa da zuciya ɗaya. Da sun tafi tun suna gaba da juna, gabar ce za su shuka a can.

Akwai kuma alhakin masu aikewa, wanda muke saurin mantawa da shi. William Carey, mai gyaran takalma daga Ingila, ya tafi Indiya a 1793. Ya yi shekara 7 kafin ya yi wa Ba'indiye na farko baftisma, wato Krishna Pal, a ƙarshen shekarar 1800. Cikin waɗannan shekaru ɗansa ƙarami ya rasu, matarsa ta sami taɓin hankali, talauci ya matsa musu. Abokansa sun kwatanta tafiyarsa da mai sauka cikin rami mai zurfi, su kuma suka yi alkawarin riƙe igiyar. Andrew Fuller, ɗaya daga cikin abokan nan, ya riƙe ta har ya mutu a 1815, yana yawo gari gari yana tara gudummawa, yana rubuta wasiƙu, yana kāre aikin daga masu suka. Wani ɗan mishan kuma, Adoniram Judson, ya isa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1813, sai a 1819 ya ga mai tuba na farko. Ina tambayar kaina, da waɗannan mutane daga ikkilisiyoyinmu na yau suka fita, da mun jira su? Ko kuwa a shekara ta biyu za mu ce rahoto babu armashi, a karkatar da kuɗin zuwa wani wuri? Sau nawa muka sallami iyali da waƙa da kuka, bayan wata shida ko saƙon waya ba mai tura musu? Filibiyawa ba kuɗi kaɗai suka aika wa Bulus ba, sun aika masa mutum, Abafaroditas, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a kan hidimar. Yau da waya a hannun kowa, ba mu da hujjar barin ɗan mishan cikin kaɗaici.

Kada kuma mu yi wa tarihin mishan kwalliyar da ba tasa ba. An yi sadaukarwa mai girma, an kuma yi girman kai mai ban kunya. A babban taron mishan na duniya da aka yi a Edinbura a 1910, wakilai wajen 1,200 suka hallara, amma waɗanda suka fito daga ikkilisiyoyin da ba na Turawa ba ba su kai 20 ba. Ɗaya daga cikinsu, wani matashin mai hidima daga Indiya mai suna Azariah, ya tashi ya yi maganar da ta girgiza zauren. Ya yaba wa 'yan mishan cewa sun ba da dukiyarsu don ciyar da matalauta, sun ba da jikinsu ga wahala, sannan ya ce abin da mutanensa suke roƙo kuma shi ne ƙauna, a ba su abokai. Ya yi ƙorafin cewa akwai 'yan mishan da suka yi shekaru suna aiki tare da fastocin ƙasar, amma zumunci irin na abokai bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Bayan shekara 2 aka naɗa shi bishof, Ba'indiye na farko a ɗarikar Angilika. Roƙon nasa bai tsufa ba. Yanzu da yawancin Kiristocin duniya suke Afirka da Latin Amurka da Asiya, ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Barazil suna tura 'yan mishan da dama, jarabar da ta kama na dā tana jiran na yanzu: ka je wa mutane da taimako da koyarwa, amma ka ƙi zama ɗaya daga cikinsu, ka ƙi koyon harshensu, ka ƙi barin su su ma su taimake ka.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da tafiyar mishan ta mako biyu idan ba a ɗaure ta da wata dangantaka mai ɗorewa ba. Tana iya buɗe wa matashi ido, na yarda. Amma a fara tambayar ikkilisiyar da ke wurin abin da take bukata, a kuma rage ɗaukar hoton 'ya'yan mutane ana bazawa a intanet ba da izininsu ba.

Bari in dawo kan aboki, domin nan ne yawancinmu aikinmu yake. Abu na farko da nake so in faɗa da ƙarfi: abota ba tarko ba ce. Idan kana nuna wa mutum kirki ne domin kawai ka jawo shi coci, ranar da ya ce a'a kirkin zai ƙare, shi kuma zai gane dama yaudara ce. Wannan yana ɓata sunan Almasihu fiye da yin shiru. Markus ya rubuta cewa Yesu ya dubi saurayin nan mai dukiya ya ƙaunace shi, saurayin kuma ya tafi bai bi shi ba. Kutare goma ya warkar, ɗaya kaɗai ya dawo da godiya, bai karɓe warkarwar sauran taran ba. Abokinka da yake bin wani addini, ko wanda ba ya bin kowanne, mutum ne da Allah ya halitta cikin kamanninsa, yana da hankali, yana da 'yancin amsawa da na ƙi. Ka je masa jaje, ka taya shi murna, ka saurari abin da ya gaskata ba tare da ka ƙagu ya yi shiru don ka mayar masa da martani ba. Kada ka zagi abin da yake girmamawa. Kada ka yi amfani da talaucinsa ko rashin lafiyarsa ka matsa masa. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da muke da shi, amma da tawali'u da ladabi. Akwai tambaya a cikin ayar, wato rayuwarmu ce ya kamata ta sa a tambaya.

Amma kada wani ya fake da wannan ya ce shi halinsa kaɗai ya isa wa'azi. Halin kirki ba ya faɗin cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Wannan labari ne, sai an buɗe baki. Idan abokinka yana gaya maka duk abin da ke ransa, kai kuma ka ɓoye masa abin da ya fi komai daraja a naka ran, abotar ba ta cika ba. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa ba bisharar Allah kaɗai suka so su ba su ba, har da rayukansu, domin sun zama ƙaunatattu a gare su. Biyun tare suke tafiya. Ba sai ka haddace amsar kowace tambaya ba. Ka faɗi abin da ka sani: yadda ka sami gafara, abin da ya riƙe ka ranar da ka binne wanda kake ƙauna, dalilin da ya sa ka yafe wa wanda ya cuce ka. Idan ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ku bincika tare. Idan ya ce ya isa haka, ka bari, ku ci gaba da zumuncinku, ka ci gaba da yi masa addu'a a ɗakinka. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba a ɗora mana shi ba. Na kuma san akwai wuraren da maganar nan take da haɗari ga mai faɗa da mai ji, a can hikima da sirri wajibi ne, kuma kada mu da muke zaune lafiya mu yi wa 'yan'uwan nan gorin tsoro.

Wani abin kuma, ƙetaren da muke magana ya riga ya iso ƙofarmu. Ɗalibai, 'yan kasuwa, ma'aikatan jinya, 'yan gudun hijira, mutane suna ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa kullum. Akwai wanda ya yi shekaru a baƙon gari, coci yana kallon ƙofar ɗakinsa, amma babu Kirista ɗaya da ya taɓa gayyatarsa gida. Haka nan 'yan'uwanmu da neman aiki ko karatu ya fitar da su waje, su ne mutanen Kubrus da Kurane na zamaninmu, amma sau da yawa ikkilisiya takan sallame su da addu'ar Allah ya kiyaye hanya kawai, ba a shirya su ba, ba a bin sawunsu.

Ina roƙon fastocinmu da dattawa, ranar mishan mai zuwa, kafin a zaga da kwanon baiko, a kira sunayen waɗanda muka aika ɗaya bayan ɗaya, a kuma sa iyali guda ya ɗauki nauyin tuntuɓar kowannensu duk wata. A saka sunayen ɗalibai da ma'aikatanmu da ke waje cikin jerin. Idan kuma akwai gaba tsakanin shugabanni wadda kowa ya sani amma ake ɗauke kai, a zauna a kashe ta kafin ranar, ko da za a ɗage taron da mako guda.