Wanda bai dawo ba, hoto ya zo ɗauka

Na ga hotunan taron duba lafiya da wata jami'a ta shirya Asabar ɗin nan suna ta yawo a Facebook, ana ta sambarka. To madalla. Ni dai ina wurin, ni na kai Goggona a keke tun ƙarfe takwas, cikin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi. Manyan baƙi ba su iso ba sai wajen sha biyu. Aka yi jawabi da Turanci kusan awa guda a gaban tsofaffin da ko sannun Bature ba su sani ba, aka gwada jini, aka raba farasitamol a ƙullin leda, aka jera mata aka ɗauki hoto. Kafin la'asar an naɗe rumfa.

Ba zan kama sunan jami'ar ba, waɗanda suka je sun sani.

Wata ɗaliba mai kirki ta gwada Goggo har sau biyu, na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Mama, jininki ya hau sosai, ki je asibiti." Goggo ta ce, "To 'yar nan, yaushe za ku dawo?" Yarinyar ta waiga tana neman malaminta, shi kuwa yana can yana gyara hula gaban kyamara. Hawan jini fa ba ciwon kwana ɗaya ba ne, magani ake sha kullum, ana komawa gwaji. Ka gaya wa tsohuwa tana da shi, ka tafi ba lambar waya, ba takardar turawa asibiti, ba ranar dawowa, me ka bar mata ban da fargaba?

Kuma ba yau farau ba. Ɗalibai nawa suka shigo gidajenmu da takardar tambayoyi: yara nawa, sau nawa ake ɗora tukunya, ina ake ɗebo ruwa? Masu lambu a bakin kududdufan kuza sun gaji da ganin ana ɗibar ruwansu a kwalba. An samu digiri, an samu ƙarin girma, mai lambu har yau ba a dawo an ce masa ruwan nan lafiya ko ba lafiya ba.

Na san za ku ce babu kuɗi. An ji. Amma kuɗin rumfa da lemo da rigunan da aka buga wa tambari daga ina suka fito? Wani kuma zai ce ai da babu gara ba daɗi. Ranka ya daɗe, ajiye wannan, ba sadaka suka kawo ba. Hidimar al'umma tana cikin aikin jami'a, kamar koyarwa da bincike.

Kuma ana iyawa, shi ya sa abin ke mini ciwo. Cibiyar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin masara da wake da gyaɗa da ta fitar sun isa gonakin talakawa, domin malaman gona sun yi ta komawa ƙauye damina bayan damina. Komawar ce aikin. Wallahi da za a ɗauki unguwa ɗaya tak, a ce duk Asabar ɗin farkon wata ɗaliban likita za su zauna a firamare, na shari'a su saurari matsalar gado da haya, na koyarwa su kama wa yara karatu, ni zan fara kawo tabarma. Yaran nan suna da zuciyar yi, na gani a idon waccan yarinyar. Ku dawo kawai.

Af, kujerun Islamiyyarmu da aka ara, guda shida ba su dawo ba. Malam ya ce in yi cigiya, farare ne, an rubuta sunan makaranta a bayansu da jan fenti.