Aikin agaji ma yana da lokacin tashi

Shekara huɗu kenan ina aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Faransa, muna taimaka wa masu neman mafaka wajen takardu da neman wurin kwana, kuma kafin na zo irin aikin da nake yi kenan a gida. Ranar da na fara, ƙarfe shida na cika abokiyar aikina ta kashe wayar aiki ta saka a durowa ta kulle, ta ce min sai gobe. Wallahi raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mutanen nan ba su da tausayi.

Don mu a gida lamba ɗaya ce, ita oga ke kira, ita waɗanda muke taimakawa ke kira, ita mahaifiyata ke kira. Sha ɗayan dare saƙo zai faɗo a guruf ɗin WhatsApp wai masu ba da tallafi na son rahoto kafin gari ya waye, Asabar ma mitin, in ka ɗan yi ƙorafi a ce haba ai aikin lada ne. Wannan maganar ce take ci min rai har yau. Eh akwai lada, ban musa ba, amma da ita ake rufe bakin ma'aikaci a cinye masa darensa da lokacin iyalinsa, alhali ko sisi ba a ƙara masa ba kuma ba a rama masa da hutu.

A nan doka ce ta shiga tsakani. Awa 35 ne aikin mako, kuma tun 1 ga Janairun 2017 duk wurin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama dole a zauna a tsara yadda ma'aikaci zai kashe waya da imel bayan an tashi. Fotugal ma a 2021 ta hana shugaba neman ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince cewa irin gajiyar nan da ke kashe wa mutum zuciya a kan aikinsa daga yanayin aikin take tasowa.

To amma doka ta hana oga ne kawai, ba ta san da tausayi ba. Wata baiwar Allah ta zo ofis da yara biyu, tana jin na yi Hausa ta riƙe hannuna ta fashe da kuka, ni kuma na rubuta mata lambar wayata ta kaina a bayan takardarta. Cikin hunturu ƙarfe ɗayan dare ta kira, “Yaya, an ce mu fita, ina za mu?” Na zauna a ƙasan kicin don kar na tashi maigidana, ina ta danna 115, layin neman makwanci na gaggawa, har wajen uku kafin a ɗauka. Ban yi nadamar wannan daren ba. Sai dai lambar ta zaga, cikin wata uku kusan kullum sai an tashe ni, na dawo ina zuwa ofis ido jajur har na kuskure ranar shigar da takardun wani mutum, da ƙyar aka gyara.

Shugabarmu ba ta yi min faɗa ba, cewa ta yi laifin tsari ne tunda ni kaɗai ke ɗaukar kiran dare. Aka sayi waya guda ta gaggawa muke karɓa-karɓa mako-mako, wanda ya kwana da ita a ba shi ranar hutu. Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu na gida kenan, su sa kuɗin wannan wayar da ranar hutun cikin kasafin da suke tura wa masu ba da tallafi. Abokiyar nan da na zarga da rashin tausayi shekararta ashirin a aikin, har yau tana zama ta saurari mutum awa guda ba ta kalli agogo ba.