Yadda na maƙale a kogon Sagada

Dogo ne ya kawo shawarar, kun dai san shi. Ana ba da hutu muka saɓa jakunkuna a baya, muka hau bas daga birnin Baguio na ƙasar Philippines, wajen awa shida ana kewaya duwatsu, muka sauka garin Sagada haƙorana na kaɗawa don sanyi.

A can ba a shiga kogo sai an yi rajista an ɗauki ɗan jagora. Namu wani ɗan tsurut ne, silifas a ƙafa, fitilar kananzir mai famfo a hannu. Ya ce akwai gajeren zagaye a kogon Sumaguing, akwai kuma dogo, a shiga ta kogon Lumiang a ɓulla ta Sumaguing, awa uku zuwa huɗu a ƙarƙashin ƙasa. Kafin in buɗe baki Dogo ya zaɓa mana dogon. A bakin Lumiang kuwa akwatunan gawa ne jibge, wani kan wani, gajejjeru, don a da a naɗe mutanen wurin suke sa mamaci, gwiwa a ƙirji. Ina Ayatul Kursiyyu, Dogo yana ɗaukar hoto.

Ba mu yi nisa ba muka iso wani rami tsakanin duwatsu, da ƙafa ake fara zurawa. Ɗan jagora ya sulale. Dogo, da ba shi da komai sai ƙashi, ya sulale. Na cire jaka na miƙa, na zura ƙafafu, ƙugu ya wuce, tumbi ya ce shi nan ya ga wurin zama.

Ku gane yadda abin yake. Rabina na ƙasa yana lilo a duhu, ƙafa na neman abin takawa babu. Rabina na sama kuma yana fuskantar layin mutanen da ke jira, kowa da tocila a goshi, duk a fuskata. Daga ƙasa ina jin ɗan jagora yana cewa, "Yallaɓai, saki numfashi, ɗaga hannu sama!" Na ɗaga hannu kamar wanda 'yan fashi suka tare a hanyar Birnin Gwari. Ko motsi. Ya kama ƙafafuna ya ja. Ni ban sauko ba, wando ne ya fara saukowa. Na ce, "Bawan Allah, tsaya!" da Hausa, don a lokacin Turancin ya gudu ya bar ni.

To, a gaban layin akwai wata tsohuwa Bajamushiya, ta yi jika da ni. Ba sallama, ba neman izini, ta durƙusa, ta dafa kafaɗuna da hannu biyu, ta ƙirga wani abu da yarensu, ta danna. Ji kake ɓaraat! Na faɗo kan cinyar ɗan jagora, wando ya tsage daga baya har gwiwa, hannuna ya sauka cikin kashin jemage. Ita kuwa ta biyo ni sumul, ko rigarta ba ta taɓa dutse ba.

Matar nan ita ce damuwata har yau. Inda ake cire takalmi a bi ruwan sanyi, tana gabana. Inda ake kama igiya a sauka, ta riga ni, ta tsaya a ƙasa ta buɗe hannu wai za ta tare ni. Da dare a gidan abinci, ina fama da shinkafa da ƙwai saboda miyar kazarsu an jefa mata etag, wato naman alade mai gishiri da hayaƙi, sai ga ta a teburin can. Ta ɗago mini hannu, ta shafa cikinta, ta nuna nawa, ta yi dariya. Mijinta ma ya taya ta, mutumin da ko kogon bai shiga ba.

Bidiyon da Dogo ya tura muku daga ƙasa ya ɗauka, don haka ba ku ga tsohuwar ba, ƙafafuna kawai kuka gani. Wandon kuma dama na wanda suke ɗaki ɗaya da Dogo ne, su daidaita tsakaninsu.