Ashe baƙar hoda fara ce

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. A azumin 2024, wanda aka ɗauka ranar Litinin 11 ga Maris, 'yata ta fari tana da shekara takwas, ta kuma kafe sai ta kai azumi ɗaya har faɗuwar rana. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba mai kama sunanta a gidan, Ummi muke ce mata. Shekara biyu ke nan tana irin na yara, a ɗauka da asuba a ajiye da azahar, washegari a yi wani rabin, kakarta ta ce za ta ɗinke mata su.

Wanda ya san Birnin Kebbi a ƙarshen Maris ya san abin da yarinyar nan ta ɗauko. Zafi ya haura 40, ruwan randa kansa sai ka yi masa fifita. Ga shi mu can ƙuryar yamma muke, sai mutanen Maiduguri sun sha ruwa da fiye da rabin awa, har sun fara neman tsinken sakace, mu muna nan muna harare-harare da rana. Tausayinta ya kama ni. Muna sahur, da lomar tuwo a hannuna, na ce, "Ummi, in kika kai yau, duk abin da kike so a sha ruwa da shi, ni da hannuna zan yi miki."

Ba ta ko yi tunani ba. "Masa, Baba. Da miyar taushe."

Uwargida ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, masa fa ta ce."

"Na ji. Masar me? Ba ƙullu ba ne da mai?"

Daga nan na shiga kirari. Ni Bakabe ne haifaffen Argungu, a fadama na yi wayo, tun ban kai Ummi ba nake korar jan-baki a gonar shinkafar babana. Na san shinkafa tun tana iri har ta shiga buhu, yau kuma a ce za ta gagare ni don an niƙa ta? Uwargida ta ce Allah ya ba da sa'a, amma miyar ita za ta yi, don kada a yi biyu babu. Na amince, da sharaɗin ba za ta sa mini baki a masa ba ko da kalma ɗaya. Ta ce ta ɗauka. Ban taɓa ganin ta cika alkawari da jin daɗi irin na ranar ba.

Shinkafar dai na zaɓa daidai, a rubuta mini wannan. Fara ta tuwo na ɗebo daga buhun da Inna ta aiko mana, ba turararriya ba. Awon ne ya ɗan zarce. Mu biyar ne a gidan har da auta ɗan shekara huɗu, amma na tuna yadda masa ke ƙarewa a faranti kafin mutum ya ƙoshi, sai na jiƙa tiya biyu. Uwargida ta wuce ta leƙa bahon, ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta rufe.

Wajen goma na safe na laɓe a zaure na kira ƙanwata da ke aure a Jega. Sai da ta gama dariyarta tukuna ta lissafa mini: albasa, yis cokali ɗaya, sukari, gishiri, baƙar hoda, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi. Ta fara cewa "kada ka manta da dafaffar..." kati ya ƙare. Na ce ai na sami kan zancen.

Na tsame shinkafa, na yayyanka albasar Aliero manya guda huɗu ina hawaye, na ɗauki bokiti na nufi injin markaɗe na unguwarmu ta Badariya. Ban taɓa lura ba sai ranar, ashe babu magidanci a layin injin. 'Yan mata ne da yara da tsofaffi biyu, sai ni da hula da agogo. Hira ta ɗauke ɗif. Wata tsohuwa ta kalle ni tun daga takalmi har hula ta ce, "Ɗana, lahiya? Mai ɗakin taka ba ta jin daɗi?"

Na ce lafiyarta lau.

"To yaji tay yi?"

Na ce tana gida, masa zan yi wa 'yata. Ta sa hannu a bokitin ba neman izini, ta juya, ta juya. "Ina dahwahwar shinkahwar da anka zuba ciki?" Ashe abin da ƙanwata ta fara faɗa ke nan. Ana dafa kaɗan daga shinkafar ta yi luguf, a haɗa da jiƙaƙƙiyar a markaɗa tare, ita ke sa masa ta yi laushi. Ni kuwa girman kai ya hana ni komawa gida. Na ce mata tawa irin ta zamani ce. Ta ce, "Allah shi kyauta zamani."

Yarinyar da ke gabana tattasai da attarugu ta markaɗa. Mata sun san in haka ta faru sai an ɗauraye injin sosai kafin a zuba farin abu, har faɗa suke yi da mai injin a kai. Ni da aka ce "Wa ag gaba?" sai na miƙa bokiti da sauri don in bar wurin. Ƙulluna ya fito ruwan hoda, kamar kayan lefe. Mai injin ya caje ni kuɗin da sai da na sake tambaya, ya ce tun da aka cire tallafin fetur a 2023 haka abin yake, in tambayi matata. Wato kusan shekara guda ina ba da kuɗin markaɗe na da, ban san daga ina cikon ke fitowa ba. Na haɗiye wannan, abin da mai azumi ke iya haɗiyewa ke nan.

A kanti na nemi yis da baƙar hoda. Mai kanti ya ba ni yis, ya ɗora mini wani farin gari ƙulle a leda.

"Baƙa na ce."

"Ita ce wagga, Malam."

"Haba, da bakin azumi? Ina da ido fa. Wannan fara ce tas."

Muna cikin haka maƙwabcina ya iso, kuma cikin duk mutanen Birnin Kebbi sai Allah ya kawo Bakatsine. Kun san tsakaninmu da su, wasa ne tun kaka da kakanni, in ɗaya ya sami ɗaya ba sassauci. Ya yi mini bayani a gaban jama'a, da ƙarfi yadda na ƙetaren titi zai amfana, cewa sunan na Turawa ne bakinmu ya lanƙwasa shi, babu baƙi a cikinsa ko ɗigo. Sannan ya leƙa bokitina ya ga launin ƙullun, ya dafa kafaɗata. "Bakabe, ku dai ku tsaya a kamun kifi. Tun 1934 kuke taruwa a Matan Fada ana tafa muku, me ya kai ka tanda?"

Zancen yis shi ne ya fi ba ni kunya, domin ni malamin firamare ne, kimiyya nake koyarwa. Da hannuna na sha rubuta wa yara a allo cewa yis abu ne mai rai, yana cin sukari ya fitar da iska, iskar ce ke kumbura ƙullu, kuma ɗumi na ƙara masa kuzari. Amma da na tsaya a kan baho na ga cokali ɗaya a cikin wannan kogin, sai na ga rowa ce irin ta ƙanwata. Na juye ƙulli uku. Na bi shi da sukari gwangwani biyu. Wuri mai ɗumi kuwa, na kai shi ɗakin ajiya mai rufin kwano ba sili, inda ko ƙadangare ba ya yini. Na yi azahar na kwanta.

Auta ne ya tashe ni, yana jan babban yatsan ƙafata. "Baba, abincinka yana tafiya."

Gaskiya ya faɗa. Ƙullun ya ɗaga faifai ya ajiye gefe, ya gangaro ta bakin baho, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya cika takalmina na zuwa Juma'a ƙafar hagu, yana shirin shiga ta dama. Yana tafe yana ƙananan kumfa yana huci, ga tsami ya cika gidan. Na rarraba shi a duk abin da ke da baki: tukwane biyu, bokitin wanka, kular abinci, robar wanki. Kowanne ya ci gaba da tashi a inda na sa shi. Uwargida na zaune a tabarma da carbi tana lazimi, kafaɗunta na rawa. Na ce mene ne? Ta nuna bakinta, ta nuna ni, wato alkawari.

Saura gishiri, ni kuma ina azumi. Malamanmu na Malikiyya sun ce ɗanɗana gishirin abinci makaruhi ne ga mai azumi, mata kuwa da ido da hannu suke aunawa, ya kuma fito daidai. Sai na naɗa auta mai ɗanɗano. Na zuba, na ba shi ya lasa, ya ce babu. Na ƙara, ya ce babu. Sai a zagaye na biyar na lura idonsa ya yi ja yana kwararar da hawaye saboda attarugu, amma yana nan a kan bakansa. Shi dai muƙamin ne ya yi masa daɗi, ya san ranar da ya ce ya ji, aiki ya ƙare.

Ƙarfe biyar na hura gawayi na ɗauko tanda. Ta ƙasa ce, tun kayan auren uwargida, ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo. Na ce a raina, dubi abin da ake ba mu abinci a ciki shekara tara. Na samo soson ƙarfe da garin sabulu na dirje ta gida-gida har jan ƙasa ya bayyana. A nan ne kawai na ji uwargida ta yi wani sauti, irin na wanda aka taka wa ƙafa a sahu. Wannan baƙin da na kankare, man shekaru ne da ya ratsa tandar, shi ke hana masa kamawa.

Na sha ganin masu masa suna juya ta da cokali, hannu ɗaya, suna hira suna ba da canji. Tawa ta farko na sa cokali ta ce ba inda za ta. Na matsa, sama ta kife a ƙasa ta koma kunu. Na ƙara mai, wuta ta laso gefen tanda ta gaisa da gemuna. Na rage wuta, suka kwanta fari fat suna kallona. Na ƙara, waje ya zama gawayi ciki ɗanye. Zufa na shiga idona, hayaƙi na shiga hancina, ni da ƙishirwa tun hantsi, ga robobi biyar a bayana suna jiran layi. Zuwa lokacin da ladan ya gyara murya, kusan ƙarfe bakwai, na haɗa guda goma sha ɗaya waɗanda in an dube su daga nesa, da magariba, za a iya kiran su masa.

Ummi ta kai. Tana kwance a cinyar uwarta leɓe ya bushe, aka ba ta dabino da ruwa, aka bi da kunun tsamiya, muka yi ta sa mata albarka. Har ga Allah idona ya ciko. Na kawo farantina na ajiye gabanta da hannu biyu. Ta zaɓi wadda ta fi kama da lafiya, ta tsoma a miyar taushe, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ajiye sauran a hankali ta sunkuyar da kai.

"Baba, ina da magana. Da ina alwalar azahar na haɗiye ruwa."

Na ce ba komai, in kuskure ne.

"Da gangan ne. Sau uku. Kun ga ban kai ba ke nan, bai kamata in ci ba. A ba wanda ya kai."

Duk gidan aka juyo aka dube ni. Uwargida ta turo farantin gabana da yatsa ɗaya, bakinta ya buɗe karon farko tun asuba: "Bisimilla, Malam. Kai ne ba mu da shakka a kan naka."

Na ci huɗu don kare mutunci. Gishiri ya fara gaisawa, attarugu ya biyo baya, tsami ya rufe taro. Ina cikin ta huɗun sai ga sallama, yarinyar mai masar bakin masallaci da kwano a rufe. Tun bakwai na safe uwargida ta aika da kuɗi. Ummi ta ci bakwai daga ciki, ba ta kawo wata mas'ala ba.

Sauran ƙullun sai da aka jiƙa wata shinkafar aka sirka shi, aka aro tanda, uwargida ta kwana uku tana suya ana rabawa sadaka a unguwa, kowa na yi mata addu'a ita kaɗai. Tandarta ba ta dawo hayyacinta ba har bayan Sallah, na sayo sabuwa a babbar kasuwa ba tare da an roƙe ni ba, kuɗin markaɗe ma na ƙara. Na sha tambayar Ummi tsakaninta da Allah ko ta sha ruwan nan, sai ta ce tana da aikin makaranta. Bakatsine kuwa har yau in muka haɗu a sahun asuba, da an sallame sai ya matso ya rage murya kamar zai yi gaisuwar mutuwa: "Malam, in an sauke a aiko mini ta ɗari biyu. Ruwan hodar nake so."